Kwana Ashirin da Takwas a Duluth

Daga keji na tara tarin ya fara,
daren Laraba, ƙanƙara na sauka a bakin tafki.
Otis ne, tsohon karen nan mai tsagaggen kunne
da muka ciro a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa.
Na zaci ƙashi ne ya maƙale masa.
Kafin gari ya waye keji na goma ya amsa,
na sha ɗaya ya karɓa,
kamar gulmar da ake miƙawa ta kan katanga.

Likita Okerlund ta zo da takalmin roba,
ta duba hanci, ta saurari ƙirji.
Ta ce, "Mura ce, irin tasu.
A rufe ƙofa. Ba shiga, ba fita,
sai bayan kwana ashirin da takwas."

Ni Marlys, shekara talatin na yi
ina tuƙa motar 'yan makaranta.
Na san yadda atishawa ɗaya a kujerar baya
ke kwantar da aji guda kafin Juma'a.
Abin da ban sani ba,
ashe hannuna ma mota ne,
rigata tana ɗaukar fasinja ba kuɗin shiga.
Ashe kwanon ruwa da igiyar wuya
kan ɓoye cuta kwana biyu
fuskarsu fes, kamar ba su san komai ba.

Sai muka koma 'yan koyo.
Masu lafiya tukuna, majinyata daga baya.
Riga a wannan ƙofa, wata riga a waccan.
Wanke hannu har bayan yatsu ya dare.
In na koma gida, a gareji nake tuɓewa,
sanyi na gatsa mini kafaɗa,
karyata Tilda na kuka a bayan ƙofa,
tana zaton na yi sabuwar ƙawa.

Teng Vang kan zo ƙarfe huɗu na asuba
kafin ya wuce gidan burodi.
Yakan dafa ruwa, ya zauna da 'yan kwikwiyo cikin tururi
yana yi musu magana da harshen kakarsa.
Shi ya buga wa gidaje arba'in da uku waya:
"Allura biyu ce, mako uku a tsakani.
Ta farko ita kaɗai ba ta tsare ƙofa."
Wani ya yi dariya, "Kare ma har da allurar mura?"
Ya kashe waya.
Bayan kwana tara ya kira da kansa,
muryarsa can ƙasa.

Ba a biyan mu ko sisi.
Amma da safe mukan tarar da barguna a bakin ƙofa,
da galan na maganin wanki,
ba suna, ba takarda,
sai sawun taya a kan ƙanƙara.

Ran sha ɗaya ciwon ya gangara huhun Otis.
Na riƙe kansa da safar roba,
ita ce abin da har yau ke ci mini rai:
bai ji ɗumin tafina ba.
Ƙasa ta daskare, shebur ya ƙi shiga.
Tokarsa na cikin gwangwani a saman kanta
tana jiran ƙanƙara ta narke.

Rigakafi ya fi magani.
Yana nan manne a bangon ofis tun kafin zuwana,
na wuce shi sau dubu
kamar yadda ake wuce agogon da ya tsaya.

Daren ƙarshe na zauna a kan bokiti
ina ƙirga shiru, keji bayan keji.
Minshari. Ƙarar farce a siminti.
Babu tari.

Da safe muka zare sakata.
Wata yarinya ta shigo riƙe da hannun babanta,
ta nufi wani baƙin kwikwiyo kai tsaye.
Na tare ta da sabulu.
"Fara da nan," na ce.
Ta kalle ni, ta naɗe hannun riga.