Sallama a Bakin Ƙofa

Ƙarfe huɗu, Dundee ta riga ta kashe fitilar sama.
Kogin Tay ya yi baƙi kamar ruwan marina.
Ni kaɗai na rage a hawa na uku,
ni da firij mai gurnani,
da farantai shida na ƙwayoyin tsoka
da nake kiwo tun Litinin kamar 'yan tsaki.

Na ɗiga musu insulin. Ɗigo ɗaya.

Ɗan aike ne shi,
carbi mai ƙwaya hamsin da ɗaya,
zare biyu a ɗaure, an naɗe shi tsaf.
Amma ba ya shiga gida.
Katangar ƙwayar halitta da mai aka gina ta,
shi kuwa ɗan ruwa ne,
tsakanin ruwa da mai sai gaisuwa daga nesa.

Sai ya ja ya tsaya, ya yi sallama.

Akwai mai gadi a wurin, dogo,
kansa a waje, ƙafafunsa a cikin gida,
katanga ta riƙe shi a ƙugu.
Dubban baƙi na wucewa, ko kallo ba su ishe shi ba.
Wannan kaɗai ya sani,
ba da suna ba, da ƙira:
tudu ya zauna a kwari, lungu ya faɗa lungu,
murfi ya sami tukunyarsa.

Da sun yi musabaha sai mai gadi ya karkata,
ƙafafunsa biyu na ciki su matso,
kowace ta liƙa wa 'yar'uwarta fosfet
kamar masu shafa wa juna turare a sahu.
Daga nan magana ta zarce:
ɗaya ya taɓa goma, goma su tashi ɗari,
har a fito da ƙyamaren da aka jingine a ƙurya,
a kafa su a katanga,
suga ya shigo.

Ɗan aiken yana nan a waje.
Ko takalmi bai tuɓe ba.

Na rubuta lambobi, na cire safar hannu,
na kama motar ƙarfe bakwai da kwata.

Maƙwabcina, Mista Ogilvie, tsohon makaniken jirgin ruwa,
yana da ciwon suga.
A matakala ya taɓa gaya min:
likita ta ce ɗan aiken na zuwa,
yana sallama har muryarsa ta dushe,
mutanen gida ne suka daina ji.
Ya yi dariya. Sannan matarsa Morag tana raye.

Tun jana'iza labulensa bai motsa ba.
Wasiƙu sun taru a bakin ƙofa,
'yarsa ta zo daga Perth, ta buga, ta buga, ta koma.

Na kwaɗa zogalen da Goggo Dije ta busar min,
ƙuli kaɗan, albasa, ban sa yaji ba.
Na buga sau biyu. Na jira.
Sanyi ya bi ta silifas ya kama min yatsu.
Na ce, Kuluwa ce, ta lamba tara.

Sarƙa ta yi ƙara.
Ƙofa ta buɗe da faɗin tafin hannu,
hannu ya fito, jijiyoyi shuɗaye,
ya karɓi kwano.
Bai ce shigo ba, ni ma ban nema ba.

Bangonmu siriri ne.
Na ji an ja kujera.
Can na ji cokali yana goge gindin kwano,
can kuma famfo,
sai rediyo, hasashen iskar teku, a hankali.

Da safe kwanona a wanke a kan tabarmar ƙofa,
da takarda: wannan wane irin ganye ne?
Labulensa ya buɗe rabi.

Farfesa Rennie za ta tambaye ni lambobin jiya.
Faranti biyar sun amsa.
Na shida bai ce uffan ba,
ban san dalili ba tukuna.
Zan sake ɗigawa.