Baitin da Ban Sa Ba

Ni na tsara waƙar nan da kuke ji
a shagunan caji na bakin Babbar Kasuwa,
wadda ƴan kabu-kabu ke bi da fito:
Walƙiya ta sauko, ku ba ta hanya.
Ni na ce takunta na barewa ne,
na ce zinari ke roƙon wuyanta.
Ban yi ƙarya ba. Ragi na yi.

Sunanta Barira.
Daga bayan piyano nake kallonta,
inda jar fitila ba ta kaiwa.
Ku gaban riga kuke gani,
ni kuwa fil huɗu da suka riƙe zif.
Rigar ta haya ce, jika biyu a dare,
daga wata tela a Bagalam
mai ƙirga duwatsun ƙyalli kafin ta karɓa.
Duk wanda ya faɗi, dala ashirin.
Shi ya sa in an watse, an kife kujeru,
za ka tarar da Walƙiya a durƙushe
tana laluben siminti da hasken salula
tsakanin marafan kwalba da guntayen taba.

Takalman sun gaza mata da lamba ɗaya.
Rangwaɗar da na yi wa kirari,
wadda ke tayar da masu manyan riguna tsaye,
babban yatsa ne ke neman inda zai huta.

Kuɗin da kuke manna mata a goshi fa?
Mai gida ya kwashi rabi,
mai gadi ya miƙo hannu, mai shara ma,
mu makaɗa mu raba namu.
Na ci a ciki. Ban taɓa mayarwa ba.

Tana da ɗa, Tasi'u, shekara shida,
emasi ke tauna masa ƙashi in hadari ya haɗo.
Wani dare cikin damina
ta zo daga asibiti kai tsaye,
da takardar magani naɗe a cikin rigar mama,
ta shafa hoda a kan abin da ya bushe a kumatunta,
ta hau.
Ranar ce kuka ce ba ta taɓa waƙa kamar haka ba.
Gaskiyarku.

Kafin kiran assalatu takan zura dogon hijabi
ta rufe ƙyallin har idon sawu,
ta sauka nesa da gida a Ɗan Gulbi
ta ƙarasa da ƙafa, takalma a leda.
Uwarta a Jiratawa ta san
aikin dare take a farmasi.
Shekara uku ƙaryar nan na ciyar da mutum biyar.

Sai waƙata ta yi farin jini.
Daga waya zuwa waya, da hoto, da fuska,
ta haye gulbi ba kwalekwale.
Buhun shinkafar da ta aika ƙauye
ya dawo a bayan mota, ɗinkinsa ko warwarewa ba a yi ba.
Mai gidan haya ya ba ta ƙarshen wata.

Jiya na same ta a lungun bayan fage
tana kurɓar citta da zuma, murya kamar an ja buhu a ƙasa.
Na ce, Barira, bari in ƙara baiti ɗaya,
in faɗi sauran.
Ta dube ni ta cikin fasasshen madubi,
gashin ido ɗaya a manne, ɗaya a hannu.
Ta ce, wa ka taɓa gani ya yi wa mai ciwon ƙafa liƙi?
Ka bar musu Walƙiya, sun biya.
Barira kuma ka bar mini ita,
ita kaɗai ce ba haya ba.

Sannan ta juya mini baya:
duba, fil ɗaya ya ɓalle.

Na maƙala mata.
Na koma kujerata, na danna farar maɓalli,
kuka fara tafi.