Ta Tsakiya

Tun watan Maris injin ke zaune a garejina a Bakersfield,
silinda takwas, fenti ja kamar barkono,
amma ba shi da hanci.
Na toshe ramukan da tsohon tawul ɗin Lorna
kada ɓera ya yi aure a ciki.

Ysidro ya zo ran Asabar, baƙin mai har gwiwar hannu,
ya kasa mini kaya a kan benci.

Ga babbar kafireta guda, in ji shi,
ka ɗaura ka manta da ita.
Na duba: tukunya ce a kife.
Motar da ba ta da bonet,
wa zai zaga gari da tukunya a ka?

Ga ƙahoni takwas, farare, bakinsu na kallon sama,
irin na masu tsere a busasshen tafki.
Yawuna ya tsinke. Ya yi dariya:
Waɗannan ba su san jar danja ba, Delbert,
ko su yi ruri ko su mutu.
Kai kuwa kantin magani za ka,
da coci, da gidan 'yarka.

Ga kuma yarinya cikin kayan tsohuwa,
waje kafireta, ciki kwamfuta,
an tura wayoyin ƙarƙashi an ɓoye.
Bugu ɗaya take tashi ko da sanyin Janairu,
ba tari, ba ɗigar fetur.
Na ɗauka, na juya, na shinshina.
Ba ta warin komai.

Sai na durƙusa, gwiwa na ƙara,
na jawo akwatin lemo daga bayan tayoyi.
Ƙananan kafireta uku, tsatsa ta cinye sukurorinsu.
Orval ya saye su a sittin da biyu
da kuɗin cirar auduga na kaka guda,
bai taɓa samun injin da zai ɗora su ba.

Ysidro ya sosa ƙeya.
Za su sha maka rai, ya ce.
Duk wata sai ka saita su da kunne,
gaskit zai jiƙe, rigarka ta ɗau wari.
Na ce da tsohuwar zuma ake magani.
Ya ce zuma ba ta kama wuta.

Ya daɗe yana juya su, sannan ya ce:
To bari in haɗa sandar totur
yadda ta tsakiya kaɗai za ta yi aikin gari.
Biyun gefe su yi ta barci,
sai ka take har ƙasa za su buɗe baki.

Mu uku uwarmu ta haifa.
Orval yana maƙabartar bakin kogi.
Wendell, autanmu, tuta aka kawo mana a naɗe.
Ysidro bai san wannan ba, ban kuwa gaya masa ba,
na dai miƙa masa sifana.

Mako shida muka yi.
Yanzu ina zuwa karɓo maganin hawan jini a hankali,
ta tsakiya na shaƙa tana fitarwa,
ita kaɗai, ba ƙorafi.
Yara na nuna mu da yatsa a mararraba.

Amma jiya da yamma, hanyar Shafter,
gonakin almon hagu da dama, ba kowa,
na dubi Lorna, ta riƙe hularta.
Na take.

Suka farka tare.
Wani dogon numfashi, kamar mutum biyu sun faɗo ɗaki
suna magana lokaci guda,
sitiyari na rawa, idona na ruwa,
iska ce, iska ce kawai.

Ƙidaya goma na ɗaga ƙafa. Suka koma barci.
Allurar mai ta sauka da faɗin yatsa.
Lorna ta ce ta baya tana ɗiga.
Na sani, na ce.
Gobe zan duba ta.