Tebur Goma Sha Biyu, Wuya Ɗaya

Shekara ashirin da uku ina raba karta
a wani kulob bayan tashar jiragen ruwan Montebidiyo,
inda warin kifi ke rigan baƙo shigowa
duk sanda aka turo ƙofa.

Daren Talata Leandro ya zo,
yaron da ake labarinsa a unguwa:
wai a ɗakinsa na haya, da gajeren wando,
yana buga poka tebur goma sha biyu a tare,
allo biyu, linzami ɗaya, ragowar burodi a cinya.
Lissafi na zuba a kansa kamar an manta famfo a buɗe:
kati nawa ya rage, kashi nawa cikin ɗari,
wa ke ƙari da wuri, wa ke gudu in an matsa.
Dubbai ya cinye,
bai taɓa ganin ƙwayar idon ɗayansu ba.

Ya zauna daura da Don Ubaldo,
tsohon mahauci mai yatsa tara,
ƙoƙon shayin mate a dama, gorar ruwan zafi a hammata.
Shi ba ya ƙirga komai.
Naman da ya kwana, daga launi yake gane shi,
haka kuma mutum.

A gida, kafin ka kurɓi shayi an yi zagaye goma.
Nan kuwa sai na karkaɗa, na yanka, na raba,
sai wani ya gama labarin ciwon gwiwarsa.
Jira ya fara cin yaron.
Ƙafarsa na kaɗa tebur,
ya jera ƙwandalolinsa, suka zube,
ya rasa inda mutum ke ajiye hannu
in babu linzami a ƙarƙashinsa.

Sarakai biyu suka zo masa.
Fuskar dai ya ɗaure ta tamau,
amma wa ya gaya wa maƙogwaro?
Ya haɗiyi yawu sau ɗaya.
Tsoho ya kife katinsa, ya zuƙi shayi.
Da ya zo da hannu wofi yana burga,
jijiyar wuyansa ta hau bugun ganga,
tsoho ya ce, "Na bi," ko katinsa bai sake dubawa ba.
Ƙarfe biyu na dare, gaban Leandro fayau,
kamar faranti bayan kare.

"Lissafina daidai ne," ya ce, murya na rawa.
"Daidai ne," in ji tsoho. "Gobe ka zo da mayafin wuya."

Sauran labarin a bakin Leandro na ji shi.
Ran Lahadi tsoho ya hau benensa hawa huɗu yana haki,
ya ce a nuna masa wannan caca ta aljanu.
Ya sa tabarau, ya matso da hanci jikin allo
yana neman wuya, yana neman gumi, ko ƙifta ido.
Babu kowa.
Sai hoton wani kyanwa da suna mai lambobi,
sai agogo na cin daƙiƙa goma sha biyar.
Yana tunani, lokaci ya kife masa kati.
Yana laluben maɓalli, ya danna duka.
Kafin ruwan gorarsa ya huce
kuɗin cinyar sa guda sun tafi wata ƙasa,
wurin wanda ƙila ko riga bai saka ba.

Yanzu tare suke zuwa.
Yaro da mayafi har haɓa, ko ana zafi,
tsoho da 'yar takarda a aljihu, yana haddar kashi cikin ɗari
kamar ɗan aji uku.

Ni dai raba nake, ba a tambaye ni ba.
Amma a gefen damana akwai wata 'yar tsaga a tebur,
duk zagaye sai na jefa mata rabon gida.
Ba ta iya lissafi, ba ta karanta fuska.
Shekara ashirin da uku,
ban taɓa ganin ta kwana da yunwa ba.