Kambun Gilashi

Ƙarfe uku na dare a Hull,
ruwan sama na bin tagar asibiti,
waya ta yi tsuwa a aljihuna.
"Muna taya ki murna, Barira Tanimu,
kwamitinmu ya zaɓe ki
Gwarzuwar Jinya ta Arewacin Ingila."

Sau uku na karanta.
Shekara tara ina juya tsofaffi kada bayansu ya yi gyambo,
ina kwashe amai, ina ƙirga ƙwayoyi,
ba wanda ya taɓa rubuta sunana daidai
sai waɗannan.

Kafin gari ya waye na kira Funtuwa.
Inna ta rangaɗa guɗa har layin ya tsinke.

Sai wasiƙa ta biyu ta biyo sawu:
kambun gilashi, fam ɗari uku da tamanin,
kujera a liyafar Landan, ɗari biyu,
hotona a mujalla kuwa, sai mun daidaita.
Na ce da zuciyata,
ai ko lalle sai an ɗaure ƙafa yake kamawa.

A ɗakin shan shayi na nuna wa Marisol.
Ta ajiye kofi, ta buɗe tata wayar.
Ita ma gwarzuwa ce.
Dakta Pillai ma gwarzo ne,
haka yaron da ya fara aiki watan jiya.
Har Maureen da muka raka makabarta bara,
saƙonta ya iso ofis,
ana jiran ta zaɓi kaza ko kifi.

Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Maroƙin garinmu ya fi su mutunci,
shi sai ya san kakanka
kafin ya miƙa hannu.
Waɗannan rajista suka tsefe,
suka gano inda ƙishirwa take
suka kafa rumfar sayar da ruwa.

Ban biya ba.
Amma lambobin katina goma sha biyu na riga na danna,
saura huɗu,
wannan ban faɗa wa Marisol ba.

Gado na tara ya danna ƙararrawa.
Mista Pickering, mai kirana Barbara,
ya riƙe wuyan hannuna,
ya ce tafina da ɗumi,
kada in tafi tukuna.
Na ja kujera.

Jibi Juma'a, ranar kiran gida.
An ce Inna ta sayi alewa kwali biyu,
ta raba har layin mahauta.
Ban san ta inda zan fara ba.