Riguna Biyu a Jaka Ɗaya

Riguna biyu ne a jakata.
Farar ta gwamnati ce, da tabon ayodin a bakin aljihu.
Shuɗiyar ta Dakta Iro ce,
shi ya ɗinka mini, ya kuma cire kuɗinta a albashin farko.

Bakwai da rabi ina Gujungu.
Ranar awo, benci ya cika, saura suna gindin darbejiya.
Ciki arba'in da uku na shafa jiya,
na kara ƙaho, na ji zukata arba'in da huɗu.
Da na gaya wa Hansatu biyu ne,
sai ta kama haɓa ta ce,
"Sista, da wace gonar?"
Na yi dariya har da ƙwalla.
Ba ta san ni ma kullum ita nake tambayar kaina ba.

Ƙarfe huɗu ƙanena Ɗan'azumi yana ƙofa da babur.
Bai taɓa ce mini sannu ba,
sai dai ya sassauta gudu inda fadamar shinkafa ta fara,
ya san a nan kaina ke faɗawa bayansa.
Duk barcina na kirki
a kan titin Ringim yake warwatse,
wanda ya tsinta ya ajiye mini.

A bayan kwalayen ruwan ƙari nake sauya riga,
nan nake sallar la'asar, rana ta riga ta yi ja.
Gado shida, ni kaɗai.
Sha biyu ake kashe janareta, mai ya yi tsada.
Na iya riƙe tocila da haƙora,
in laluba jijiyar yaron da gudawa ta tsotse
kamar mai neman allura a cikin tabarma.

Daren Talata, wajen ƙarfe uku,
na zuƙi allurar Baba Mati,
na ɗaga kwalbar in sake dubawa,
sai haruffan suka watse kamar tururuwa.
Na ajiye.
Na je randa, na watsa ruwa a fuska, na dawo.
Ba ita ba ce.
Na tsiyayar a kwano, hannuna na rawa,
tsohon yana ta munsharinsa.
Ba wanda ya gani
sai ni da Wanda gyangyaɗi ba ya kama Shi.
Da asuba Baba Mati ya sa mini albarka,
ya ce hannuna da sanyi.

Kada a ce kwaɗayi ne.
Zo ka ga inda kuɗin ke shiga:
maganin sugan Inna, zubin adashe,
kwano shida da iska ta yaye bara,
rajistar Ɗan'azumi da aka ce Juma'a za a rufe.
Baban Walida yana Fatakwal,
aikensa kamar ruwan bazara,
a ga hadari, a ji ƙamshin ƙasa, shi ke nan.

Awa ɗaya ke gare ni a gida.
Walida na kan turmi tana shan koko,
kitson da na fara mata ran Asabar
har yau rabi ne.
Ta shinshina hannuna, ta yamutsa fuska, ba ta saki ba.
Ta ce, "Umma, in na yi zazzaɓi mai yawa,
a wanne za ki kwantar da ni?
Ni na dare nake so.
Can kika fi daɗewa."

Na san adadin bugun zuciyar jariri a minti ɗaya,
na san abin da ake yi wa mai jijjiga kafin likita ya iso.
Wannan ba a koya mana ba.
Na taɓa goshinta da bayan hannu, lafiyarta lau.
Na ƙara mata sukari a kokon.

Babur na ta hon a waje.
Farar rigar tana kan igiya, ba ta gama bushewa ba.
Na saka ta a haka.
Ta ƙarasa a hanya.