Wani Bawan Allah

Ni ne magatakardan zaman.
Ni na jera kujerun roba a wani aji a Gwammaja,
ni na ja layi biyu a takardar halarta:
nan suna, nan addini.

Malam Tasi'u ya cike nasa ko dubawa bai yi ba.
Fasto Dogara na Sabon Gari ya ƙara da lambar waya.
Hajiya Uwale ta ce biron ba ya kamawa.
Sai ga wani siriri, rigarsa duk ƙunar walda,
ya rubuta suna,
ya tsaya,
ya bar layi na biyu fes, kamar allon da aka wanke.

Na ce, ka manta nan.
Ya ce, ban manta ba.

Aka ɗauke wuta, fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Aka yi zancen maƙwabtaka, aka yi na zaman lafiya,
kowa ya ɗebo daga rijiyarsa
ya miƙa a moɗa mai tsabta,
kawuna suna ta gyaɗawa.
Da layi ya zo kansa, ya miƙe, ya dafa bayan kujera.

Ya ce, ni ba ni da rijiya.
Shekara goma sha ɗaya ina zura guga,
igiya kawai nake jawowa.
Ban zo in cike taku da ƙasa ba.
Na zo in ji bakina ya faɗi haka
a ɗakin da akwai mutane.

Shiru, har hon ɗin Adaidaita Sahu yana shigowa ta taga.
Wani ya ja tsaki, wani ya ja carbi.
Wani a baya ya ɗaga waya zai ɗauka,
Hajiya Uwale ta sa hannu ta sauke ta
yadda ake sauke tukunya kafin ta kama.

Malam ya ce, to wa ya ɗaga sama ba ginshiƙi?
Ya ce, ban sani ba, Malam.
Fasto ya ce, in dare ya yi maka nauyi, wa kake kira?
Ya ce, Innata, a Kurna.
Kullum asuba tana kai sunana inda take kaiwa.
Ban yarda akwai mai ji ba,
amma ni ina ji, ta bayan langa-langa,
kuma ni ke ɗora mata ruwan alwala a wuta.

Malam ya daɗe yana kallon faratansa.
Ya ce, ban karɓi zancenka ba, ko ƙwayar gero.
Ya ce, na sani.
Ya ce, kuma sai na yi maka addu'a, ka so ko ka ƙi.
Ya ce, to ka bi layi bayan Inna.
Dariya ta kufce wa wani, ya maida ita tari.

Aka kira magariba, butoci ba su isa ba.
Da na sallame sai na waiga:
ga shi kan dakali, shi da Fasto,
suna ɓare gyaɗa,
takalmanmu da jakunkunanmu a gabansu,
gadin da ba wanda ya sa su.

Da dare na kunna tocila zan rubuta rahoto.
Biro ya kai sunansa, ya ƙi gaba.
Na san garina, magana zarar bunu ce,
shagonsa kuwa bakin titi yake a Ƙofar Ruwa,
ƙofarsa ko sakata mai kyau babu.
Na yage takardar halarta ƙanana-ƙanana,
na rubuta abin da muke rubutawa
in za mu rufa wa mutum asiri:
wani bawan Allah ma ya tofa albarkacin bakinsa.

Na tsura wa layin ido.
Da ya gani, da ya ce, gyara.
Ban gyara ba.
Harshena ba shi da wani mayafi sai wannan.

Har yau, in na wuce na hango tartsatsin waldarsa,
ban san ko kare shi na yi ba,
ko share shi.